Yadda za ka tara waƙoƙinka su zama naka, daga kaset zuwa memori

Mutane da dama a nan Bauchi, musamman ɗaliban Yelwa da Gubi, suna ta yi mini tambaya guda ta fuskoki daban-daban. Wani ya ji kiɗan Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita ɗan Nijar, a wurina ya rasa inda zai samu mai kyan sauti. Wani an sace masa waya ta tafi da waƙoƙin da ya daɗe yana tarawa. Wani kuma mahaifinsa ya bar masa kwali cike da kaset-kaset na Shata da Ɗan Maraya da Barmani Choge, yana tsoron ya saka rediyo ya cinye su. Duk aiki ɗaya ne, shi ya sa na haɗa amsar wuri guda.

Na san akwai Spotify da Boomplay da Audiomack, ni ma ina amfani da su wajen neman sabon abu. Amma waƙar da ka sauke a cikinsu tana kulle ne a cikin manhajar. Ranar da ka goge manhajar, ko aka janye waƙar daga dandalin, ta tafi. Mawaƙan da ba su da babban kamfani a bayansu su abin ya fi shafa, domin babu mai adana aikinsu sai masu sauraronsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake, domin abin da ya fi kusa da lalacewa shi na sa a gaba.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Farashin waɗannan kaya yana tafiya ne da dala, don haka zan jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsada, kai kuma ka taya a shagunan Wunti ko Bakin Kura a nan Bauchi.

Na ƙananan kuɗi su ne littafi da biro, audugar goge kunne, ƙaramar kwalbar sifirit daga kemis, ƙaramin sukudireba, da wayar sauti mai kai biyu, ja da fari. Sai na tsakiya: memori biyu ko filash biyu, hedfon mai waya, da ƙaramin akwatin shigar da sauti da ake jonawa ta USB, irin su Behringer UCA202. Wannan akwatin mai kaset ne kaɗai yake buƙatarsa. Mai tsadar shi ne had-dis na waje. Idan aljihu bai kai ba a yanzu, fara da memori biyu, ka saye shi daga baya. Kwamfuta kuwa ko ta aro ce ta wadatar, kuma ba sai mai ƙarfi ba.

Manhajojin duk kyauta ne: Audacity don naɗa, Exact Audio Copy don kwashe faifan CD, Mp3tag don gyara sunaye, VLC don kunnawa a kwamfuta, Musicolet don kunnawa a wayar Android. Ka sauke kowacce daga shafinta na asali.

Gargaɗi kan memori: na jabu sun cika kasuwa. Za a rubuta masa 64GB, waya ma ta nuna 64GB, alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar waƙoƙi ba tare da ya ce ya cika ba, sai ranar da ka je kunnawa ka tarar rabi ba sa buɗewa. Kafin ka zuba masa komai, ka gwada shi da manhajar H2testw. Tana cika memorin gaba ɗaya ta sake karanta shi, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun wajen biya cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi.

Mataki na 2: Tattara, ka rubuta, ka ware

Kwaso komai wuri ɗaya: kaset, faifai, tsofaffin memori, wayoyin da aka ajiye a durowa. Ba wa kowane kaset da faifai lamba, ka rubuta lambar a jikinsa da cikin littafi, tare da duk abin da ke rubuce a kwalinsa, har da sunan shagon da ya buga shi idan akwai hatimi.

Sai ka ware su kashi biyu, abin da za ka iya sake samu da abin da in ya tafi ya tafi. Kaset ɗin da aka naɗa a wurin biki, ko wanda wani ya ɗauka daga shirin BRC, gidan rediyon jihar Bauchi, shekaru da suka wuce, ko na wani mai gurmi da ba a taɓa kai shi situdiyo ba, su ne na gaba. Idan akwai dattijo a gida da ya san su wane ne a ciki da kuma bikin wa aka yi, ka zauna da shi yanzu ka rubuta. Wannan bayanin babu kwamfutar da za ta ba ka shi.

Mataki na 3: Kwashe kaset

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ɓarna.

Fara da rediyon, ba da kaset ɗin ba. Ka samu wanda yake da mafitar sauti a bayansa, ja da fari, ko aƙalla ramin hedfon. Buɗe murfin, jiƙa auduga da sifirit, ka goge kan ƙarfen da zare yake gogawa da siririn sandan ƙarfen da ke juyawa a gefensa. Za ka ga audugar ta yi ja-ja kamar tsatsa. Ci gaba da canza auduga har ta fito fara. Ƙaramar tayar robar da ke danne zare kuwa, ka goge ta da tsumma mai ɗan danshin ruwa, domin yawan sifirit yana busar da roba. Tayar nan idan ta yi datti ko ta yi danƙo ita ce take naɗe zare, abin da muke cewa rediyo ya ci kaset. Bari komai ya bushe. Sai ka gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Idan ka ji murya tana lilo, tana ja tana saki, bel ya saki, ka kai wa mai gyaran rediyo ya canza. Kada ka ce za ka gyara wannan a kwamfuta daga baya, ba ya gyaruwa yadda ya kamata.

Sai kaset ɗin kansa. Kafin komai, ka karye ƙananan haƙoran roba biyu da ke samansa. Da zarar an karye su maɓallin naɗa ba zai dannu ba, don haka ko yaro ya taɓa ba zai goge maka komai ba. Duba ta tagar tsakiya, idan ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, ware shi gefe kada ya ɓata kan rediyon ya shafa wa saura. Duba ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki, akwai ɗan soso da ke tura zare jikin kan rediyo. Idan ya faɗi sautin zai fito a dishe. Zura biro a rami ka juya a hankali. Idan ya cije, kada ka tilasta. Nemo wani kaset mai sukurori a jikinsa, ka kwance, ka cire nasa zaren, ka mayar da na tsohon cikin gidan. Idan yana juyawa lafiya, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya kafin ka kunna, don zaren da ya daɗe a kwance ya warware.

Idan zare ya tsinke, ka daidaita bakin biyu ka liƙa da ɗan siririn salatif ta ciki, wato fuskar da ba ta gogar kan rediyo, ka datse abin da ya fito gefe. Gyaran wucin gadi ne, gam ɗin salatif yana narkewa da zafi, don haka ka kwashe kaset ɗin a ranar.

Yanzu haɗi. Waya ja da fari daga rediyo zuwa akwatin USB, akwatin zuwa kwamfuta. Ramin da ke jikin yawancin laftof na makirfo ne, yana haɗe sautin ya zama na kunne ɗaya kuma yana fasa shi, shi ya sa nake nacewa a kan akwatin. Kara waya a bakin sifika kuwa ba kwashewa ba ce, za ka naɗi kukan fanka da hon ɗin 'yan acaba tare da waƙar.

Buɗe Audacity, zaɓi akwatin a matsayin mashigar sauti, ka sa sitiriyo, ka bar saitin da ake kira Sample Rate a 44100. Kunna wurin da kiɗa ya fi ƙarfi ka kalli ma'aunin. Ka daidaita ƙara yadda mafi tsawon tashinsa zai tsaya wajen -6. Idan ya taɓa 0 sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa. Gara ya yi ƙasa kaɗan, ana iya ɗaga shi daga baya.

Idan sautin yana fitowa kamar an rufe shi da bargo alhali ka goge kai, akwai ɗan sukuru a gefen kan rediyon. Sa hedfon, ka juya shi kaɗan-kaɗan hagu da dama yayin da kaset yake tafiya, ka tsaya inda muryar da ƙarar kalangu suka fi fitowa tar. Kaset-kaset ɗinmu na kasuwa an buga su ne a injuna barkatai, kowanne da saitinsa, don haka wani lokaci sai ka sake wannan ga kowane kaset. Ka yi alama a inda sukurun yake tun farko.

Gargaɗi kan wuta: idan ka ji gurnani a ƙarƙashin waƙar, zare cajar laftof ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Kada ka naɗa da wutar janareta in kana da zaɓi. Kuma ka tabbata cajin zai kai, domin kaset ba ya kwasuwa da sauri. C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, kuma sai ka zauna ya gama.

Ka naɗi gefe guda cur ba tsayawa, ka fitar da shi a WAV ko FLAC, nau'o'in fayil ɗin sauti da ba sa rage inganci, da lambar kaset da gefensa. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. WAV yana cin kusan 10MB a minti, wato C90 guda ya kai wajen 900MB. FLAC yana rage kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Duk gyaran da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi: ka danna farkon kowace waƙa ka latsa Ctrl da B don sa alama da suna, sannan ka fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Audacity tana da abin rage shuu ɗin kaset. Ra'ayina shi ne ka taɓa shi kaɗan ko ka bar shi gaba ɗaya. Idan aka matsa masa yana tafiya da zaƙin goge da kukuma, murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Kunne yana saba wa shuu cikin minti ɗaya.

Mataki na 4: Faifan CD

Goge faifan da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Saka shi a kwamfuta ka ga irinsa. Idan fayilolin MP3 ne a ciki, kwafa kawai. Idan VCD ne, bidiyon yana cikin foldar MPEGAV, ka kwafe shi, VLC za ta iya ciro maka sautin. Idan faifan sauti ne na asali, Exact Audio Copy za ta kwashe shi zuwa FLAC, kuma tana maimaita karanta wurin da ya goge har ta samu daidai. Faifan da aka buga a shago, mai shuɗi ko kore a ƙasa, ya fi saurin mutuwa, da shi za ka fara.

Mataki na 5: Tace abin da ke cikin waya

Jona wayar da kwamfuta ka kwashe dukan sauti zuwa folda ɗaya, har da na Xender da Bluetooth da WhatsApp. Za ka tarar da waƙa ɗaya sau huɗu, wata da tallar shafin da aka sauko da ita a farkonta, wata da suna irin AUD da lambobi da WA a ƙarshe. Kada ka goge komai tukuna. Ka saurara, ka zaɓi mafi kyau, saura ka tura su wata folda ta jiran hukunci.

Lambar da ke nuna nauyin MP3 tana taimakawa. Mai 128 yana cin kusan 1MB a minti, mai 320 yana cin 2.4MB. Amma lambar tana yin ƙarya. Wanda ya ciro sauti daga YouTube ya mayar da shi 320 bai ƙara masa komai ba sai nauyi. Idan kana shakka, ƙaramar manhaja mai suna Spek tana zana hoton sautin. Wanda asalinsa 128 ne za ka ga an yanke samansa wajen 16 kHz kamar da wuƙa, na 320 na gaske yana kaiwa wajen 20. Ƙa'idar ita ce kada ka taɓa juya MP3 zuwa wani MP3, kowane juyi yana zubar da wani abu.

Gargaɗi kan shagon masu tura waƙa: memorin da za ka kai can daban, na ajiya daban. Kwamfutocin da memori ɗari suke shiga a rana sukan ɗauki bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar maka gunkin da ba ya buɗewa. Idan ya same ka, kada ka danna gunkin kuma kada ka yarda a yi fomatin. Waƙoƙin suna nan a ɓoye, a wanke bairos ɗin a bayyana ɓoyayyun fayiloli su dawo.

Mataki na 6: Sayi na asali

Irin kiɗan su Mdou Moctar, gidansa Bandcamp ne, shafin intanet da mawaƙa suke sayar da waƙoƙinsu. A nan Mdou Moctar yake da shafi, a nan kuma ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka yake sayar da ayyukan mawaƙan Nijar da Mali. Kana iya sauraro kafin ka saya. Idan ka biya, fayil ɗin naka ne, babu kulle a kansa. Kundi guda, wato albam, yawanci bai cika wuce dala 10 ba, wasu ma an bar wa mai saye ya faɗi abin da zai iya.

Buɗe asusu kafin ka saya, don abin da ka saya ya zauna a ƙarƙashin sunanka. Ka tambayi bankinka ko katinka yana biya a waje da kuma iyakarsa, in ba ya yi, katin dala na manhaja yana aiki. Wajen saukewa zaɓi FLAC. Kundi mai minti 45 zai ci maka wajen 300MB na data, MP3 mai 320 kuma wajen 108MB. Idan data ta yi ƙaranci ka ɗauki MP3 yau, ka dawo ka ɗauki FLAC da datar dare, ba za a sake cajinka ba. Kundin yana zuwa a ƙunshe cikin ZIP, sai ka kwance shi. Kada ka bar shi a shafin da nufin sai wata rana, sauke shi ka ajiye.

Bandcamp yana cire kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil. Tun watan Maris na 2020 yake ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa. Ranar tana bin agogon yammacin Amurka ne, wato a wurinmu tana farawa ƙarfe 8 ko 9 na safiyar Juma'a. Idan za ka iya jira, ka tara sayayyarka zuwa ranar.

Ga mawaƙan gida kuwa, yaron da ke haɗa kiɗansa a ɗaki a Bauchi ko Gombe, hanya ta fi sauƙi. Yi masa magana, ka tura masa abin da ya sawwaƙa, ka roƙe shi fayil ɗin da ya fito daga situdiyo, ya turo ta WhatsApp a matsayin takarda, wato Document, ba a matsayin sauti ba, don sunan fayil ɗin ya iso yadda yake. Kuma abin da ka saya don kanka ka saya. Zuba shi a zauren WhatsApp na mutum ɗari biyu cin haƙƙi ne, ka tura musu adireshin shafin su je da kansu.

Mataki na 7: Suna

Mutane suna raina wannan matakin, ni kuwa a wurina shi ne rabin aikin. Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Ba a fitar da shi kasuwa a lokacin ba, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori. Christopher Kirkley, wanda ya kafa Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙin wayoyi ya fitar da su a faifai a 2011, kuma sai da ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don a biya su, saboda fayiloli da yawa ba su ɗauke da cikakken suna. Fayil marar suna yana raba mawaƙi da aikinsa.

Tsarin folda ya zama ɗaya tak: sunan mawaƙi, a ciki shekara da sunan kundi, a ciki lambar waƙa da sunanta. Lamba ka fara ta da sifili, 01, 02, 03, in ba haka ba waƙa ta 10 za ta tsallako gaban ta 2. Sai ka buɗe Mp3tag ka cike bayanin da ke cikin fayil ɗin kansa, domin shi waya take karantawa, ba sunan folda ba. Ka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane mawaƙi. Idan ka rubuta Dan Maraya a nan, Danmaraya a can, waya za ta ɗauka mutum biyu ne. A gurbin ƙarin bayani ka rubuta daga ina fayil ɗin ya fito: lambar kaset, wanda ya ba ka, shekarar da ka kwashe. Abin da ba ka tabbatar ba ka bar gurbinsa fanko, kada ka cike da zato, domin wanda zai karɓa daga hannunka zai ɗauka gaskiya ne.

Gargaɗi: a sunan fayil ka yi amfani da k da d da b marasa lanƙwasa. Rediyon mota da ƙananan MP da yawa ba sa gane masu lanƙwasa, sai su nuna akwati ko alamar tambaya. Daidaitaccen rubutu ka sa shi a bayanin ciki.

Mataki na 8: Kwafi uku

Ɗaya a had-dis, shi ne uwa, FLAC da WAV duka a nan suke. Na biyu a wani had-dis ko memori da za ka ajiye a wani gida daban, wurin yaya ko ƙani, saboda gobara da ɓarawo ba sa bar maka rabi. Na uku a intanet. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, amma Gmail da hotuna suna ci daga ciki, don haka ka ɗora abin da babu shi a ko'ina, wato kaset-kaset ɗin da ka kwashe.

Na yawo daban ne. Daga FLAC ka fitar da MP3 mai 320 ka zuba a memorin waya. Memori mai 32GB zai ɗauki kundi fiye da 250 a haka, a FLAC kuwa wajen 100. Don mota ka tsaya a 32GB ko ƙasa, domin rediyon mota da yawa tsarin FAT32 kawai suke karantawa.

Had-dis ba ya son faɗuwa, kuma kada ka motsa shi yana aiki. Lokacin hunturu ka sa shi cikin leda mai zif saboda ƙura. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar kaset ko faifai cikin mota. Da damina ka ɗaga kwalayen daga ƙasa, ka nisanta su da bango saboda laima da gara. Kaset kuma a tsaye ake jera shi, nesa da sifika saboda maganaɗisu. Kada ka zubar da su don ka kwashe, wata rana za ka samu rediyon da ya fi wanda ka yi aiki da shi. Sau biyu a shekara, misali bayan kowace Sallah, ka jona kwafin ajiya ka buɗe wasu waƙoƙi ka ji, ka ƙara masa sababbi.

Mataki na 9: Saurara yadda aka jera

Kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Irin waɗannan mawaƙa kundi suke ginawa, jerin yana da manufa. Sa hedfon mai waya, domin sifikar waya ba ta fitar da bes, kuma a wannan kiɗa bes da ganga ne suke riƙe komai.

Ga yadda nake ba da shawara a shiga Mdou Moctar. Fara da Anar. Kunnen Bahaushe ba zai baƙunta ba, domin gangar inji ce da muryar da aka lanƙwasa da kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu na wancan lokaci, sai dai da Buzanci ake rerawa kuma jita tana bi a hankali. Daga nan ka tsallaka zuwa Afrique Victime na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar. A ji na farko zai iya yi maka kama da hayaniya. Kada ka yanke hukunci. A ji na biyu ka manta da jitar Mdou, ka bi ta Ahmoudou Madassane, wadda take maimaita zance ɗaya ba ta gajiya, kamar yadda 'yan amshi suke riƙe wa mawaƙi gindin waƙa. A na uku ka bi gangar Souleymane Ibrahim. A doguwar waƙar da kundin ya ci sunanta za ka ji yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har sai ka ankara kana cikin gudu, abin da duk wanda ya tsaya a filin kalangu ya san shi. Sai a na huɗu ka saki kunnenka ga Mdou. Bahago ne, kuma yatsunsa suna yin wani karkarwa a kan tsirkiya wanda ya fi kusa da kukan goge fiye da jitar Turawa. Abin da ya sa nake ƙaunar ƙungiyar nan shi ne, duk nisan da suka yi da ƙarar lantarki, kiɗan bikin Agadas yana nan a ƙarƙashi bai motsa ba.

Idan kana son ka ji ƙashin waƙoƙinsu, ka haɗa Funeral for Justice na 2024 da Tears of Injustice na 2025. Waƙoƙi ɗaya ne aka sake naɗa da jitar katako, lokacin da juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya riske su a Amurka suka kasa komawa gida. Ka jera su a Musicolet waƙa da 'yar'uwarta, ta lantarki sannan ta katako.

Don samun na gaba, ka karanta sunayen da ke ƙasan shafin kundin: wa ya kaɗa me, wa ya naɗa, wane kamfani ya fitar. Bin sunan Sahel Sounds zai kai ka ga Les Filles de Illighadad da Etran de L'Aïr, da kuma Mamman Sani wanda ya naɗi kiɗan ogan a Yamai tun 1978. Tal National na Yamai kuwa har da Hausa suke waƙa, tare da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Kada ka kwaso su gaba ɗaya. Ɗauki kundi guda, ka ba shi mako biyu, ka rubuta a littafin nan na mataki na 2 waƙar da ta kama ka da wurin da ta kama ka. Idan ya zauna, ka saya, ka sa masa suna, ya shiga kwafi uku kafin ka buɗe wani.